Rezo Biyu Ne a Gidanmu

A Matamaye, idan mutum ya ce "babu rezo", magana ta ƙare. Ba wanda zai tambaye shi wane rezo, ko a ina ya yanke. Kalmar daga Faransanci muka aro ta, ƴan'uwanmu na tsallaken Ɗan Barto su kuma su ce "sabis", amma ɗaukar da muke mata ɗaya ce: kamar ruwan sama, in ya zo a gode wa Allah, in bai zo ba a zauna jira. Wannan haƙuri ya dace da rezon kamfanonin waya, tun da eriyarsu ba a hannunmu take ba. Sai dai akwai rezo na biyu, wanda mutum ke shimfiɗawa da kansa tsakanin ɗakunan gidansa, shi kuwa ko shekara za ka yi kana jira ba zai gyara kansa ba. A kansa nake son yin magana yau, don na lura gidaje da ƙananan shagunan buga takardu da yawa a nan sun mallake shi ba tare da sun san sun mallake shi ba.

Ga yadda namu yake. Ni malamin makaranta ne. Mai ɗakina tana aikin sezi a gida, wato buga wa mutane takardu da kwamfuta: wasiƙun neman aiki, takardun ƙungiyoyin manoman rake, jarrabawar da malamai ke kawowa rubuce da hannu, wani lokaci har kundin kammala karatu na ɗalibai. Ƙanena yana karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, yana zuwa hutu da tasa kwamfutar. Shekaru da dama duk abin da muka tara yana cikin faifan ajiya guda, wanda na soka a ramin USB na akwatin wifi da na sayo a kasuwar Farm Centre ta Kano. Akwatin ne ke nuna wa kowace kwamfuta faifan, sai ka gan shi kamar dosiye na cikin na'urarka alhali yana ɗaki na gaba. Mu a gida "rumbu" muke kiransa. A ciki akwai ayyukan da ta karɓi kuɗinsu ba ta miƙa ba tukuna, da hotunan takardun gonar mahaifinmu, da muryarsa, Allah ya jiƙansa, da muka naɗa a waya yana lissafa iyakokin gonar da waɗanda suka shaida. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai gari ko alƙali kan rikicin gona a ƙasar Kance ya san nauyin irin wannan ajiya.

Abin da na fi shan wahalar fahimtar da mutanen gida shi ne cewa buɗe rumbu ba ya buƙatar intanet. Ko sisi ba ka saka wa layin ba, matuƙar akwatin wifi yana kunne kuma kwamfutarka na haɗe da shi, za ka buɗe fayil ɗinka, domin saƙon bai fita ƙofar gida ba balle ya je Yamai. Amma na'urorin zamani suna da wata ɗabi'a mai ruɗa mutum. In forfen da ke cikin akwatin ya ƙare, wayarka za ta ga wifin nan ba ya kai ta ko'ina, sai ta sake shi ta koma kan layinta. Kwamfuta kuma, in ta taɓa haɗuwa da wifin da wani ya buɗe daga wayarsa, tana iya komawa can ba ta gaya maka ba. To a lokacin kana da intanet, Facebook na buɗewa, WhatsApp na shigowa, rumbu kuwa ya ɓace. Mutum ya rantse rezo lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ba rezon da ake magana ba ne. Shi ya sa kafin in taɓa komai nake duba sunan wifin da na'urar ke kai. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

Wadda ba ta mutu a nan ba ita ce ta ƙanena. Ya zo hutu da sabuwar kwamfuta mai Windows 11, yana kan wifin gida, yana ganin akwatin, amma duk sanda ya nemi rumbu sai ta rubuto masa "Le chemin réseau n'a pas été trouvé", da lamba 0x80070035 a ƙasa. Wai ba a sami hanyar ba. Ta mai ɗakina mai Windows 10 tana gefe tana buɗewa ba gardama. Na gwada da tsohuwar kwamfutata mai Linux da na sake wa tsari a kwanakin, ita kuma ta ba ni kuskure mai lamba 112, wanda fassararsa ita ce na'urar da kake nema a kashe take. Ga ta gabana fitilunta na ƙyaftawa. Wannan ne abin haushi a saƙonnin kuskure na wannan fanni: suna faɗa maka abin da kwamfutar ta ji a jikinta, ba sa faɗa maka abin da ya faru. Kuma ko bayan da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, na'urorinmu da Faransanci ko Turanci suke mana ƙorafi, sai mutum ya yi fassara sau biyu kafin ya fara gyara.

Abin da ya faru shi ne saɓanin harshe tsakanin tsoho da yaro. Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su ba juna fayil ana kiranta SMB. A kamfanin IBM aka fara ta a 1983, Microsoft ta ɗauka ta faɗaɗa. An yi mata sabon zubi, SMB2, tare da Windows Vista a 2006, sannan SMB3 tare da Windows 8 a 2012. Tsofaffin akwatunan wifi masu ramin USB irin nawa, da yawansu na farkon kaɗai suka iya. An daɗe ana haƙuri da su, sabuwar kwamfuta in ta ga tsoho sai ta sauko ta yi masa magana da harshensa. Abin da ya yanke wannan haƙuri shi ne WannaCry. A ranar 12 ga Mayun 2017 wannan ƙwayar cutar kwamfuta ta bi ta wata ɓaraka da ke cikin SMB1, ta kulle fayilolin na'urori fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnatin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Ba ta jiran ka danna wani abu. In ta shiga na'ura ɗaya, da kanta take neman maƙwabta. Daga ƙarshen wannan shekara Microsoft ta fara janye SMB1 daga Windows 10. A wasu nau'o'in ta bar ɓangaren da ke karɓar fayil, da sharaɗin in ya yi kwana 15 ba a yi amfani da shi ba ya cire kansa. Ka ga dalilin da ta mai ɗakina ke aiki: kullum tana shiga rumbu, bai taɓa samun kwana 15 na hutu ba. Ta ƙanena ba ta zo da shi ba sam. Linux ma a 2017 ɗin ya daina farawa da tsohon harshen sai in ka umarce shi.

Ƙanena ya kai wa wani mai gyara a gari, ya dawo da murna. "Yaya, ashe abu ne mai sauƙi, wani ɗan akwati ne za a sa wa alama a cikin Windows, shi ke nan." Gaskiya ne, akwai shi, kuma in ka sa alamar rumbu zai buɗe. A Linux ma kalma ɗaya ce za ka ƙara, vers=1.0, ka wuce. Ban ga laifin mai gyaran ba. Shi an kawo masa abu ba ya buɗewa, ya sa ya buɗe, an biya shi. Amma na ƙi, kuma har gobe ina kan ƙin. Ku duba yadda muke rayuwa da kile, abin da ƴan Najeriya ke kira filas. Kilen ɗalibi ɗaya yana shiga kwamfutar shagon fotokofi, ya shiga ta mai tura waƙoƙi a kasuwa, ya shiga ta ofishin makaranta, da yamma ya iso hannun mai ɗakina. Yawancin na'urorin nan ba sa samun sabuntawa, don ba wanda zai ƙone forfensa a kan abin da bai ga amfaninsa ido da ido ba. A irin wannan gari, mayar da sabuwar kwamfuta baya don ta yi daidai da tsohon akwati daidai yake da cire ƙyauren ɗaki don tsohon makulli ya ƙi shiga. Na san masana za su ce kunna ɓangaren karɓa kaɗai bai kai haɗarin kunna na bayarwa ba, kuma haka ne. Sai dai rumbun kansa yana nan zaune a kan akwatin da rabonsa da sabuntawa tun ranar da ya bar masana'anta, ba kalmar sirri, duk wanda ya samu wifin gidan ya samu takardun gona.

Sai na cire faifan daga akwatin na mayar da shi kan wata tsohuwar kwamfutar cinya mai fasasshen gilashi, na sa mata Linux da manhajar Samba. Samba ita ce ke sa Linux ya iya harshen SMB. Wani ɗan Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fara rubuta ta a ƙarshen 1991, kyauta ake samunta, kuma tun fitowarta ta 4.11 a 2019 ita ma ta rufe SMB1 sai in kai ka buɗe. Na zaɓi kwamfutar cinya ne saboda wuta. Wutar jiharmu daga Najeriya take shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma duk mun tuna watannin da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya sa aka yanke ta har zuwa farkon 2024. Tun daga lokacin nake auna kowace na'ura da abin da za ta yi in wuta ta ɗauke ba sallama. Kwamfutar tebur tana faɗuwa nan take, tana tsakiyar rubutu ko ba ta tsakiya. Ta cinya tana da batirinta, ko ya tsufa zai ba ta ƴan mintuna. Abu ɗaya ne sai ka gaya mata: kada ta yi barci in an rufe murfinta, in ba haka ba yaro ya zo wucewa ya rufe, rumbu ya tafi.

Daga nan ne na fara ganin matsalolin da wutarmu ke haifarwa, waɗanda littattafan koyon wannan aiki ba sa daɗewa a kansu, don an rubuta su ne a inda na'ura ke shekara ba ta mutu ba.

Ta farko adireshi ce. Kowace na'ura a wifin gida tana da lamba, irin 192.168.1.20, kuma akwatin ne ke rabawa, aro yake bayarwa. A gidan da ba a ɗauke wuta, na'ura na iya riƙe lambarta wata da watanni. A namu kuwa akwatin na iya mutuwa ya tashi sau uku a yini, kuma irin nawa in ya tashi ya manta wa ya ba me. Wayoyin gida, har da na baƙin da aka taɓa ba lambar wifi, su ne ke rigan kowa kamawa. Sai lambar da jiya ta rumbu ce yau ta zama ta wayar wata ƴar'uwa da ta zo wuni. Kwamfutar mai ɗakina ta je ƙofar da ta saba ta yi sallama, ba amsa, ta dawo ta ce ba hanya. Maganin yana cikin shafin saitin akwatin: a ware wa rumbu lamba ɗaya da ba za a ba kowa ba. Aikin minti biyar ne. Wani abu kuma da ke firgita mutane, rumbun Samba ba lallai ya fito da kansa a jerin na'urorin da Windows ke nunawa ba, domin tsohuwar hanyar da na'urori ke shelanta sunansu ta tafi tare da SMB1. Rashin ganinsa a jeri ba ya nufin ba ya nan. Ka rubuta adireshin da hannunka, \\192.168.1.20\rumbu, ka ga ya buɗe.

Ta biyu ita ce ta fi tayar mana da hankali, kuma ita nake so mai karatu ya riƙe ko da zai manta sauran. A Linux, faifan waje ba ya zuwa da harafinsa kamar yadda Windows ke ba shi D ko E. Ana ware wani dosiye ne fanko, a maƙala faifan a kansa, sai duk abin da ke cikin faifan ya bayyana a wurin. In ba a maƙala ba, dosiyen yana nan, sunansa bai canza ba, sai dai ba komai a ciki. Faifanmu babba ne, mai nasa filogi. Wata rana aka ɗauke wuta har batirin kwamfutar ya ƙare. Da ta dawo aka kunna kwamfutar, soket ɗin faifan kuwa yana kashe. Kwamfutar ta tashi, ta jira faifan ɗan lokaci, ba ta gan shi ba, ta ci gaba da harkarta. Samba ta buɗe ƙofa kamar kullum, ta nuna wa kowa fankon dosiye. Ina makaranta. Mai ɗakina ta buɗe rumbu ta tarar wayam. Ta yi salati, amma da yake tana da kundin wata ɗaliba da za a karɓa washegari, ta danne zuciyarta ta ci gaba da bugawa daga takardun hannu, ta ajiye sabon aikin a wurin da ta saba, ya kuma ajiyu. Da na dawo ta ce, "Malam, komai ya tafi, har muryar Baba." Na ga soket a kashe, na kunna, na sake tayar da kwamfutar, komai ya dawo. Aka yi hamdala. Can bayan isha'i ta sake kirana: tsofaffin fayiloli duk suna nan, amma shafukan da ta wuni tana bugawa babu su.

Ba su goge ba. Suna nan a cikin dosiyen na ƙasa, faifan ne ya zo ya zauna a kansu, kamar ka shimfiɗa tabarma a kan allura. Na tsayar da Samba, na kwance faifan, sai ga fayil ɗin shi kaɗai a tsakiyar fanko. Na kwafe shi gefe, na mayar da faifan, na zuba shi ciki. Na tabbata akwai mutanen da irin wannan ta sa suka sake buga aikin kwana biyu, ko suka kai faifai lafiyayye wurin mai gyara ya wanke shi gaba ɗaya da sunan cire cuta. Gyaran da na yi kashi biyu ne. Na kulle fankon dosiyen yadda ba wanda zai iya rubutu a cikinsa in faifan ba ya kai, don gara kwamfuta ta ƙi ajiya ta yi ƙara da ta karɓa ta ɓoye. Sannan na sharɗanta wa Samba kada ta tashi sai faifan ya hau. A fayil ɗin da ke lissafa faifai, fstab, na kira faifan da lambarsa ta dindindin, UUID, domin sunaye irin sdb da sdc suna musanya gwargwadon wanda ya riga farkawa. Yanzu in faifan ba ya nan rumbu ba ya buɗewa ko kaɗan, mutanen gida kuma sun san soket za su fara dubawa.

Sai maganar kalmar sirri. Tsohon akwatin yana barin kowa ya shiga a matsayin baƙo. Sababbin Windows sun daina yarda da haka. Nau'in Pro na Windows 11 da ya fito a 2024, wanda ake kira 24H2, ba ya shiga rumbun da bai tambaye shi suna ba sai an tilasta shi. Wannan ma ban yi faɗa da shi ba, na ba kowa sunansa da kalmarsa. Abin lura dai, Samba tana da nata kundin kalmomin sirri daban da na Linux ɗin da take kai, kuma Windows na riƙe tsohuwar kalma ta yi ta miƙa ta a ɓoye ko bayan ka canza, sai ka shiga ma'ajiyarta ka share. A Linux alamar wannan ita ce kuskure mai lamba 13.

Amma wanda ya fi ba ni dariya, bayan ya gama ba ni haushi, namu ne na kan iyaka. Kwamfutocin da ke shigo mana ta Kwatano da Yamai allon rubutunsu na Faransa ne, AZERTY. Waɗanda muke sayowa Kano na Ingilishi ne, QWERTY. A kan sami na'urar da maɓallanta na wannan ne, saitin cikinta na wancan. Inda aka zana A sai Q ta fito, inda aka zana Z sai W, M tana wani wuri, lambobi kuma a allon Faransa sai ka danne maɓallin manyan baƙaƙe. A rubutun yau da kullum za ka gani ka gyara. A gurbin kalmar sirri ɗigo-ɗigo kawai kake gani. Ƙanena ya buga kalmarsa ya fi sau goma yana rantsuwa daidai ya buga, kuma yatsunsa daidai suka buga. Na ce ya rubuta ta a gurbin suna inda ake gani, sai ga wata kalma da ba Hausa ba, ba Faransanci ba. Tun daga ranar nake zaɓar kalmomin sirrin gida daga baƙaƙen da ba sa motsi tsakanin allunan biyu, in tsawaita su don rama rashin lambobi.

Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba na sa su a kalmar sirri, don ba kowace na'ura ke da hanyar buga su ba. A sunayen fayil kuwa ina sa su, ban ga dalilin da zai sa in rubuta "kasa" ina nufin "ƙasa" a cikin rumbuna ba. Samba da Windows suna ɗaukarsu lafiya. In Linux ne ke maƙala rumbun ya nuna alamun tambaya a wurinsu, ƙara iocharset=utf8 a layin maƙalawa yana warware shi.

Akwai abin da duk wannan gyara bai taɓa ba. Rumbu ɗaya ne, faifai ɗaya, a ɗakin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko an toshe taga. Faifai mai juyawa ba ya gaya maka ranar da zai tsaya. Saboda haka na sayi na biyu, ƙarami, ina kwafe komai a kansa duk ƙarshen mako, in cire shi in sa a akwatin ƙarfe. Takardun gona da muryar Baba kuma akwai kwafinsu na uku a Damagaram wurin ƙanena.

Wanda har yanzu ban sami yadda zan yi da shi ba na maƙwabcina ne mai shagon fotokofi. Babbar na'urarsa ta gwanjo tana ɗaukar hoton takarda ta tura kai-tsaye cikin dosiyen kwamfuta, kuma SMB1 kaɗai ta iya. Ba akwatin wifi ba ce da za a zare faifai a mayar wani wuri, jarinsa ce gaba ɗaya, kuma da wannan turawar yake sallamar masu dosiyen jarrabawa da na neman aiki da sauri. Na ba shi shawarar ya ware mata tsohuwar kwamfuta guda, ya haɗa su da kebul su biyu kaɗai, ba wifi, ba intanet, ba kilen kowa sai nasa. Ya ce zai duba bayan an gama rajistar jarrabawar BEPC, yanzu layi ya yi masa yawa.